A Kashe Ƙuma Kafin a Kashe Ɓera

Zuwa ga Alhaji, mai babbar magazar ajiyar kaya ta bayan tashar manyan motoci, Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya da iyali, ni ne Ilya, tsohon ma'aikacin ramin haƙar ma'adinai na Akokan, wanda katangarsa ke manne da ta magazarku. Rubutuna na karatun manya ne na yamma, amma zai isa ya faɗi abin da ya faru.

Ina rubutu cikin murna. Jikata Rakiya ta sauko daga gadon asibiti da ƙafarta, ta nemi fura, har ta ja mini gemu. Na yi kuka a gaban matan unguwa, ban ji kunya ba. Ranta ya tsira, shi ya sa nake da bakin magana.

Na farko. Bayan sallar layya, da motocin Assamakka suka sauke muku taliya da dabino, yaranku suka barbaɗa gubar ɓera ko'ina. Ɓeraye suka fito suna mutuwa a tsakar gidajenmu, jini a hanci, ciki a kumbure. Ba wanda ya zo kwashewa. Mata suka riƙa ɗauka ta wutsiya suna jefawa bayan gida. Kyanwar Rakiya ta kwaso ƙuma a jikin mushen, ta zo ta kwanta a tabarmarta.

Na biyu. Zazzaɓi ya kama yarinyar, kaluluwa ta fito mata a matsematsi kamar ƙwan kaza, ko zane ya taɓa wurin sai ta ƙwala ihu. Likita ya ce alamun sun yi kama da annobar da ƙumar ɓera ke ɗauka, bai jira sakamakon gwaji ba ya fara allura. Ya ce idan ɓera ya mutu jikinsa ya huce, ƙuma takan sauka ta nemi jini mai ɗumi, na kyanwa, na kare, ko na yaro. Don haka maganin ƙuma ake fara fesawa, sannan a sa guba. Ku kun fara da guba, kun koro mana ƙuma cikin ɗakuna.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai. Da labari ya bazu, masu gadinku suka ce kyanwowi ne suka kawo ciwo. Suka bi layi da sanduna da ƙarafa. Na ga an fasa kan kare da dutse a bakin famfo. Kyanwar Rakiya an kama ta ta ƙafa, an maka ta da katanga har sai da jini ya fantsama. Uban yarinyar, ɗana Sani, ya fito ya hana, aka sare shi da ƙarfe a goshi, yanzu ɗinki ne a wurin. Masu gadin suka tara gawarwakin dabbobin da hannu, suka bar su a rana, ƙumar ta sake watsuwa. Wallahi, Alhaji, da Rakiya ta mutu, ba takarda za ku gani daga gare ni ba.

Yanzu na ji motoci na tafe, kuma an sayo wata gubar. Ina roƙonku kada a buɗe ta sai ma'aikatan tsafta sun fesa maganin ƙuma ciki da waje. A kwashe mushe da shebur a binne da zurfi. A bar dabbobinmu, likitan dabbobi yana da garin da ake shafa musu. Wanda ya sari Sani ya zo gidana ya dubi goshinsa a gaban mai unguwa. Maƙwabta kuma, zazzaɓi da kaluluwa ba a kwana da su, a tafi asibiti ranar.

Allah ya yi wa kasuwarku albarka, ya tsare jikokinku da ganin abin da tawa ta gani. Amma ranar da aka buɗe gubar nan ba feshi, za ku same ni zaune a ƙofar magaza, da dukan iyayen layinmu.

Wassalam.

Ilya, maƙwabcinku.