Lissafin Zuwa Ban Da Na Dawowa

Yayata,

Ina gaishe ki, ni da wannan mai naushin da ke cikina. Yaya aikin asibiti? Yaya yara, yaya ƙafar Mama? Mun sauka lafiya, yau satinmu biyu, amma wallahi Malam ya ishe ni.

Kin san kwas ɗin sati huɗu makarantarsu ta turo shi ƙasar nan, ya nace sai na biyo shi in huta, likita kuma ya ba ni takardar shiga jirgi. To ga hutun: ɗakinmu a hawa na huɗu yake, lif ɗin kuma sai ranar da ya ga dama yake aiki. Malam ya hana ni sauka ni kaɗai. Ya manna takarda a jikin firij, ya ja layuka da rula kamar jadawalin 'yan aji: ƙarfe nawa zan sha ruwa, ƙarfe nawa zan miƙe ƙafa. Ko atishawa na yi sai ya ɗauko biro. Na san tsoro ne, shekara bakwai muna jiran cikin nan, ɓarina biyu kuma a hannunki na yi su. Amma ni ba ƙwai ba ce!

Ke dai ki zauna da shirinki. Na rantse ba wadda za ta karɓi haihuwar nan sai ke.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Da fatan kuna lafiya ke da kowa. Rubutowa nake don a waya kuka kawai zan yi miki. Kada ku je tarbarmu, ba mu taho ba.

Kin tuna an ƙara musu sati uku a kwas ɗin? Jiya muka isa filin jirgi da akwatuna huɗu, har da gadon jariri mai naɗewa. Matar da ke duba tikiti ta karanta takardar likita, ta kalli cikina, ta shiga ƙirge da yatsunta a gabana. Sati talatin da bakwai. Ta ce jirginsu ba ya ɗaukar wadda ta wuce talatin da shida. Da yatsu fa, Yaya! Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana koyar da lissafi, wanda ya san kofin ruwa nawa na sha tun da muka zo, ashe satin zuwa kawai ya lissafa, bai lissafa na dawowa ba.

Ya yi roƙo, ya nemi shugabarta, ya buɗe wani fayil nasa mai kauri yana zuba musu takardu a kan tebur. Ko gezau. Na zauna a kan akwati mutane na ratsa ni, ƙafafuna sun kumbura suntum. Muka koma ɗakin da muka miƙa makullinsa da safe, muka tarar lif ya mutu. Na hau benen nan ina tsayawa a kowane hawa, yana bayana da akwatuna, ko waiwayarsa ban yi ba. Har yanzu fushi nake da shi.

Yanzu a hannun mutanen da ko yarensu ba na ji zan haihu. Idan abu ya rikice, wa zan kira? Ki gaya wa Mama da babban yaya abin da ya yi mini, kada ki rage komai.

Taki cikin takaici,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri, a duba mini Mama da jiki. Kin riga kin ji: mace ce, ranar Litinin da hantsi, lafiya lau, ga gashi cunkus. Amma ba albishir na zauna rubutawa ba, faɗa zan yi.

Me kuke nufi ne? Mama ta daina ɗaga wayarsa. Babban yaya ya turo masa saƙo yana kiransa sakarai, na gani da idona. Ke kuma ya aiko miki hoton jaririya, kin buɗe, ko barka ba ki ce masa ba. Haba Yaya! Na ce ki gaya musu, ban ce ku yanka mini miji ba.

Kuna can ba ku gani ba. Awa tara yana tsaye. Ungozomar ta yi magana, ya juya mini da ɗan guntun yaren da ya tsinta a aji, yana in'ina, gumi na ɗiga daga gemunsa. Da numfashin yarinyar ya yi jinkiri suka ruga da ita wani ɗaki, na ƙwala kiran sunanki, shi ne ya riƙe fuskata da hannu biyu har muka jiyo kukanta. Na yakushe shi har jini, bai janye ba.

Kuma bari in faɗi abin da na ɓoye. Ranar da aka ƙara kwas ɗin, ya dawo ya ce mu tattara mu tafi gida, satifiket ɗin ya bi ruwa. Ni na hana. Duk mitar da na yi miki, daɗi nake ji: tun da muka yi aure ban taɓa samunsa ni kaɗai haka ba, ba baƙi, ba jarrabawar da zai duba. Ni ma ban ƙirga satin ba, cikin kuma a jikina yake. Ya san haka sarai, kuka yi ta zaginsa sati biyu, bai buɗe baki ya ce ni ce ba.

Ba ke kika karɓe ta ba, wannan zai daɗe yana yi mini ciwo. Amma ki karanta wa Mama wasiƙar nan daga farko har ƙarshe, sannan ki kira shi yau ɗin nan. Idan ba haka ba, ranar da muka sauka shi zai riƙe 'yarsa, ku kuma ku yi ta kallo daga nesa.

Ƙanwarki,
Auta