Kibiyar da ka bari a bangonmu

Zuwa ga Yaya Zailani, sanyin idona, inuwar mangwaron da nake fakewa, iskar da ke tasowa daga kogin Wuri da la'asar. Ina gaishe ka gaisuwar da bakina ya kasa furtawa duk lokacin da muka haɗu a lungu.

Ka yafe mini rubutuna, ka san daga firamare na tsaya. Ƙanwarka Yelwa ce za ta kawo maka wannan takarda, ita ce kuma ta gaya mini cewa an sallami Babanku daga ofis tare da mutane da yawa, kuma ranar Asabar za ku hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere. Ta ce ka ce in manta, in koma yadda nake a da. Wayyo Yaya! Kai ne da wannan magana? Kai da ka koya mini kibiya?

Ka tuna kwanakin da gari ya mutu, ba kasuwa, ba mota, an rufe lise ɗinku, wato sakandare? Inna ta daina zuwa kasuwar Marché Congo, muka koma dafa sabulu a bayan gida don mu ci abinci. Kai kuma zaman gida ya ishe ka, ka leƙo ta katanga ka ce wai abin da nake juyawa a tukunya shi ne shimi, ilimin haɗa sinadarai da ake koya muku. Na rufe fuska da gyale don kunya. Ka ɗauki gawayi ka rubuta a bangon kicin:

manja + soda → sabulu + gilisarin

Ka ce abin da ke hagu shi ne abin da ya shiga, na dama shi ne abin da aka haifa. Na tambaye ka da ƙaramar murya ko sabulu zai iya komawa manja a tukunyata. Ka yi dariya har haƙoranka suka haska kamar farin wata, ka ce a'a, Ikilima, dubi inda kibiyar ta nufa. To yau ta yaya kake so in koma manja? Ta wace hanya? Zuciyata ta riga ta dahu, ta daskare da sunanka a ciki.

Washegari ka nuna mini wutar murhu ka rubuta C + O₂ → CO₂. Ka ce gawayin da ya ƙone bai ɓace ba, ya shiga iska ne kawai, kuma duk abin da aka ƙirga a hagu dole a same shi a dama. Ni ce gawayin nan, ya hasken ranata. Ina ci a hankali, ba wanda ya ga hayaƙi, Inna ma ta ɗauka zazzaɓi ne. Idan gaskiya ka faɗa, ina abin da ya ƙone a cikina ya tafi, in ba wurinka ba?

Rana ta ƙarshe ka ce iska biyu na haɗuwa su zama ruwa. Na ce ban yarda ba, kuma wannan ne karo na farko da na dube ka ido cikin ido. Ka ce tsaya ki gani. Ka rubuta

2H₂ + O₂ →

sai Babanku ya ƙwala maka kira, ka ajiye gawayin a kan turmi ka ce kana zuwa. Ba ka dawo ba. Kibiyar tana nan, tana nuna bango wayam. Damina ta sauka, ka kuwa san ruwan unguwarmu New Bell ba ya tausayin kowa. Na kafa tsohon buhu a kan rubutun, Inna tana ta faɗa wai na haukace ina yi wa bango sutura. Duk da haka feshi yana shiga. Sabulu da gilisarin sun wanke, CO₂ saura inuwa, jiya kuma na ga lambar 2 ta gaban H ta fara zubar da baƙin hawaye. Na san amsar ruwa ce, amma ban san yadda ake rubuta ta ba, kuma ko na sani ba zan taɓa ba. Hannunka ne ya fara.

Ba na roƙon ka zauna, na san ba a hannunka yake ba. Abu ɗaya nake roƙo: kafin Asabar ka leƙo ta katanga ka ƙarasa. Ko ba ka ce mini komai ba, ko ban iya ɗaga kai ba. Gawayin yana kan turmi inda ka bar shi, na kife ƙwarya a kansa.

Ga sabulu guda a hannun Yelwa, ni na dafa shi ni kaɗai. Zai ƙare a can, na sani. Ni ba zan ƙare ba.

Taka, yau da bayan jirgi ya tashi, har ranar da za a lulluɓe ni,
Ikilima