Kawu Ya Warkar da Fedarka

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga wansa, da ban girma irin na ɗalibi ga malaminsa. Ba zan tambayi lafiyarka ba, inda kake an wuce wannan tambaya. Dalilin rubuto maka shi ne in sanar da kai an taɓa fedarka da ka bar mini, kuma ni na yi sakaci.

Ka san wadda nake nufi. Ƙaramin akwatin ƙarfen nan da ka haɗa da hannunka a ɗakinka na Gwadangaji, wanda idan aka taka shi jita take daina zaƙi ta koma gurnani. Ranar Lahadi ka yi wa coci kiɗa mai sanyi, ranar Litinin ka zaunar da ni, ɗan maƙwabtanku, kana koya mini kiɗan Turawan nan, metal mai sarƙaƙiya, a jitarka mai tsirkiya bakwai.

Har yau ina fama da ƙirgen nan naka. Uku, huɗu, uku, huɗu, gefen tafin hannu ya danne tsirkiya, ƙafata kuma ta ƙi, sai ta koma takun kalangu. Kakan ce, "Nasiru, hannunka Bature, ƙafarka Bakabiya." Ƙafar ba ta sauya ba. Yatsuna sun yi kanta, wutar lantarki ta zo ta tafi, kiɗa ɗaya na kwashe watanni ban kai ƙarshensa ba. Na gaji, Yaya, gaskiya na gaji. Abin da ke hana ni jingine jitar shi ne in na taka fedar, sai in ji kamar kana ɗakin.

Da hutun Sallah na tafi gida Argungu da jitar da fedar. Kawu Sani, wan mahaifiyata, mai gyaran rediyo ne tun ban san kaina ba. Ya ji ina kaɗawa a zaure, ya tsaya, ya karkata kai yana saurare. Washegari na tafi Gulma gaishe da dangi.

Da na dawo na tarar da shi zaune a tabarma, fedar a gabansa, fuskarsa cike da fara'a. Ya ce, "Wanga akwati mura gare shi, amma na warkar ma da shi." Ya buɗe cikinta, ya bi sawun shaƙewar har ya gano inda take, ya cire wasu 'yan ƙwayoyi uku, ya sake liƙe wayoyin da dalma. Yini guda ya ɓata a kai, da idonsa da ba ya gani sosai.

Na jona, na taka. Sauti ya fito tas, kamar labaran rana a rediyo.

Ka san abin da na yi? Durƙusawa na yi na ce na gode, Allah Ya ƙara girma. To me zan ce? Babba ya yi maka alheri, ka ce masa ɓarna ya yi? Shi duk rayuwarsa korar wannan ƙara yake yi daga rediyon mutane. Kai kuma ka yi shekaru kana nemanta.

Ƙwayoyin suna nan, ya ba ni su a kwalin ashana. Ba ka bar zanen yadda ka haɗa ta ba, komai a kanka yake, kuma ka tafi da shi. Duk duniya mutum ɗaya ya san inda kowace ƙafar ƙwayoyin take liƙe a da, shi ne Kawu. Asabar zan hau mota in je in roƙe shi ya mayar wa akwatin da murarsa. Ban san da wane baki zan fara ba.

Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba. Jiya na zauna ina son in tuno gurnanin a kaina, sai na ji ya fara dishewa. Ko Kawu ya mayar da komai daidai, Yaya, ban tabbata zan gane cewa shi ne ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Allah Ya sa ka huta. Allah Ya raya 'ya'yanka, Ya ba Mamarka haƙuri. Ni kuma Ya bar mini kunnena, ko zuwa Asabar ne.

Ƙanenka da bai gama koyo ba,
Nasiru