Shafukan da Aka Yanke

Dayton, 4 ga Yuni

Zuwa ga yayana Harlan Voss,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Sunana Wendell Amsler, na zauna a gidan ƙungiyarmu ta 'yan'uwantaka a kwaleji shekara ashirin bayan fitarku. A Oktoba gidan zai cika shekara ɗari, kuma ni aka ɗora wa haɗa tarihinsa, don kawai ban je taron da aka raba aiki ba.

Na aika wa tsofaffin ɗalibai wasiƙa ɗari da arba'in, tara suka amsa. Uku sun aiko hoto iri ɗaya na kwalekwalen da aka ɗora kan rufin gidan don tsokana. Wani kuwa yadda ake dafa wake da nama ya rubuto mini.

Kai ne magatakarda a 1968. Littafin taro na shekarar babu shafukan watan Maris. Me ya faru a watan? Don Allah ka taimaka.

Ƙaninka,
Wendell

Tucson, 19 ga Yuni

Ƙanena Wendell,

Na gaishe ka, na kuma jajanta maka wannan aikin. Ni lafiya lau, ban da gwiwa. Kwalekwalen nan ni na riƙe tsani, ka tabbata ka sa sunana. Ka kuma sa Kanar, karenmu, wanda ya fi yawancinmu zuwa aji. Shafukan kuwa, rufin ɗakin ajiya yana yoyo, ruwa ne ya cinye su. Ka tsallake, ba wanda zai karanta.

Naka,
Harlan

Dayton, 2 ga Yuli

Yaya Harlan,

Bayan gaisuwa, ruwa ba ya yanka takarda da reza, a miƙe, shafi huɗu cif. Labarin kare kuma mutum biyar sun riga ka.

Matar marigayi Dale Kimmel, shugabanku na lokacin, ta aiko mini kwalin takardunsa. A ciki akwai guntuwar wasiƙa daga wani Lucius Tate, yana godiya, yana cewa ya fahimta. Babu sunansa a ko'ina cikin jerinmu. Na kira 'yan ajinku shida. Biyu sun ce ba su tuna ba, ɗaya ya ce kunnensa ba ya ji, bayan ya kwashe rabin awa yana ji sarai.

Maɗaba'a tana jira ƙarshen Agusta. Matata ta ce ko in kwashe kwalayen nan daga teburin cin abinci ko ta kwashe ni. Na gaji da a riƙa yi mini wasa da hankali. Wane ne Lucius Tate?

Da girmamawa, abin da ya rage,
Wendell

Tucson, 28 ga Yuli

Wendell,

Ina gaisuwa. Kana da naci, kuma ka hana ni sakat.

Lucius abokin ɗakina ne a shekarar farko. Baƙar fata ne, na farko da ya nemi shiga gidanmu, kuma ni na kawo shi. Ka san ƙa'ida: kowa ya jefa dutse fari ko baƙi a akwati, baƙi ɗaya ya isa a ƙi mutum. Ana saura kwana biyu mahaifina ya kira ni, ya ce in har aka ɗauke shi, in haɗa kayana in dawo gida.

Da aka buɗe akwatin, fari talatin da ɗaya, baƙi ɗaya. Aka yi ta zargin juna har aka daku. Ni na fi kowa ɗaga murya. Daga baya na yanke shafukan, don ban iya ganin rubutuna a kansu ba.

Yana Toledo, likitan haƙori ne, ya yi ritaya. Adireshinsa yana bayan wannan takardar. Ka aika masa wannan, ka ce ina neman afuwa. Abin da ya ce a rubuta, shi za ka rubuta.

Harlan

Toledo, 11 ga Agusta

Malam Amsler,

Na gode da gaisuwa, takardun sun iso. Tun ranar na san Harlan ne ya jefa baƙin dutsen, domin shi kaɗai ya taya ni ɗaukar akwatina, amma bai dubi fuskata ba.

Ka rubuta yadda ya faru, da sunayenmu duka. Bikin ba zan zo ba.

Afuwa kuwa ba a aiko ta ta hannun wani. Ya san adireshina, ashe ya daɗe da sani. Ya rubuto da kansa, kuma ya hanzarta, dukanmu mun kusa tamanin.

Ka huta lafiya,
Lucius Tate