Na Zana Hannun Mama, Baba Ya Ce In Sauke

Gwaggo, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya kulle. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a makarantar koyon zane da ƙira. A bana muka samu wata malama, gajeruwa mai kaifin baki, da ta hana mu kallon hoto yadda muka saba. Duk abin da ta liƙa a allo, ko da tallar sabulu ce, sai ta tambaye mu wa aka sa a tsakiya, wa aka tura gefe, wa aka bari a waje. Tun muna dariya har abin ya shige mu. Yanzu ko kalanda na gani a shagon tela sai na tsaya, ƙawayena har cewa suke malama ta ɓata mini ido.

To, akwai wata masaƙa da iyayena suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ciki. A bangon ƙofarta akwai ƙaton zane: mai kamfanin a tsakiya ya ware hannuwa, haske a bayansa, ma'aikata kuwa can ƙasa kamar tururuwa, babu mai fuska ko ɗaya. Tun ina ƙarama nake wuce shi in zan kai wa Baba abinci, ban taɓa ganin aibunsa ba sai bana. Mama tana cikin tururuwan nan. Injin saƙa ya cinye mata yatsu biyu na hannun dama tun ina goye, aka sallame ta, ba a sake tuna ta ba.

Da aka ce kowa ya yi aikin kammalawa da zai mayar wa wani hoto martani, sai na juya zanen nan. Na sa hannun Mama a tsakiya, tsayinsa ya kai ƙofa, da tabon da komai. Na kewaye shi da fuskokin abokan aikin Baba da na sani, mai kamfanin kuma na mayar da shi lungu, ɗan mitsitsi. Na sha wuya, don daga ƙwaƙwalwa na zana hannun, kullum a gefen zanin da ta ɗaura take naɗe shi. Ban ma nuna mata ba, so nake ranar da za a baje ayyukanmu ta zo ta sha mamaki. Malama ta daɗe a tsaye gabansa, daga baya ta sa shi cikin waɗanda za a baje a zauren makaranta.

Ga inda gizo ke saƙar. Baba har yanzu yana masaƙar, shi ne shugaban sashen rini, saura ƙiris ya yi ritaya. Ɗan mai kamfanin, wanda ke riƙe da wurin yanzu, yana cikin manyan baƙin da aka gayyata. Da na nuna wa Baba hoton a waya ina ta murna, sai ya ajiye cokali, ya ce lallai in sauke shi, wai mai kwana cikin ruwa ba ya gaba da kada. Tun ranar da ƙyar yake amsa gaisuwata.

Gwaggo, gaskiya ba ni da niyyar saukewa. In na sauke, me na koya ke nan? Amma ba na so in ci jarabawa in rasa albarkar mahaifi. Ina zan sa kaina?

Taki,
Mai Fenti a Farce

'Yata Mai Fenti,

Sannu da ƙoƙari. Malamarku ta yi aikinta, ke ma kin yi naki, kuma ba ni ce zan ce ki rufe idon da ya riga ya buɗe ba. Abin da kika gani a bangon nan gaskiya ne.

Amma kada ki ɗauki mahaifinki matsoraci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke rana ɗaya za ki tsaya gaban ɗan mai kamfanin, shi kuwa da abokan aikinsa da kika zana gobe ma can za su wayi gari.

Sannan ga abin da ya fi tsaya mini. Hannun nan na mahaifiyarki ne. Shekara da shekaru tana suturta shi, ke kuma kina shirin rataye shi gaban jama'a ba ki tambaye ta ba. Wancan mai zanen ya yanke mata hukunci bai ji ta bakinta ba. Kada ke ma ki yi mata haka, ko da da ƙauna ne.

Don haka ki fara da ita. Ki kai ta ɗakin zane ku biyu kawai, ki nuna mata, ki yi shiru ki saurara. Daga nan ki bi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, wanda bai yarda ba ki cire fuskarsa ba tare da ƙorafi ba. Ki kuma tambayi kanki ko aikin na buƙatar mai kamfanin a lungu. Ɗaukaka mahaifiyarki daban, wulaƙanta uban wani a gaban ɗansa daban. Ina ganin in kin cire shi, zanen ba zai rasa ƙarfinsa ba, rabin tsoron Baba kuma zai tafi. Ki sanar da malama halin da gida ke ciki, ta san irin wannan gwagwarmaya.

In Mama ta amince, ku je wa Baba tare, ki durƙusa ki gaya masa abin da kika gyara da abin da ba za ki gyara ba, sannan ki rataye aikinki ba tare da fargaba ba. In ta ƙi, ki ajiye shi, ki tambaye ta yadda ita take so a gan ta, ki zana wannan. Ko ta wace hanya, ba ki faɗi ba.

Allah ya sanyaya zuciyar mahaifinki, ya sa albarka a hannunki. Ki gaishe mini da Mama.

Gwaggonku