Rasuwar Malam Muhuyi Yako, Mai Akwati da Kwaɗo Uku

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Musayar Darussa Kyauta ta Malaman Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya kuma Shugaban Kwamitin Dattawanta, tsohon Hedimasta, Alhaji Malam Muhuyi Ɗanasabe Yako, wanda ya koma ga Mahaliccinsa da hantsin ranar Talata a gidansa da ke Yako, yana da shekara saba'in da uku, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya sha gargaɗin mu da cewa kada mu yi masa ƙarya bayan ransa, don haka wajibi ne mu shaida wa jama'a cewa a duk Kano ta Kudu ba a taɓa yin malamin da ya tsani raba darasi kamarsa ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana rubuta darussan lissafi da hannunsa, littafi goma sha tara, yana adana su cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, kuma duk malamin da ya roƙi aro amsa ɗaya yake samu: "Ni ma ba a bishiya na tsinko su ba." A shekarar da ya tafi aikin Hajji ne uwargidansa, Hajiya Dije, wadda ta gaji da share ƙarƙashin akwatin, ta miƙa makullan ga wata malamar makarantarsa, Malama Saudatu Tasi'u Burumburum, ita kuwa ta zauna ta kwafe littattafan kaf kafin alhazai su dawo. Da asiri ya tonu, marigayin ya rubuta takardar ƙara shafi huɗu, kuma bai sake amsa gaisuwar Malama Saudatu da baki ba har aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Doguwa.

Bayan shekara shida, a gaban sababbin malamai da ya tara domin ya nuna musu littattafan daga nesa, ya buɗe akwatin ya tarar gara ta shiga ta wata ƙofar da tsatsa ta buɗe mata a gindi, ta cinye lissafin tun daga tarawa har zuwa rabawa, ta bar masa ƙasa da kwaɗuna uku lafiya lau. Kwana biyu bai iya cin tuwo ba. A na uku ya hau babur ɗinsa tun daga Yako har Doguwa, ya yi sallama, ya cire hula, ya roƙi aron darussansa na kansa. Malama Saudatu ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ce, "Baba Malam, sai dai ka jira layi, malamai goma sha ɗaya ke koyarwa da su, yanzu haka littafi na bakwai yana Tudun Wada." Waɗanda ke wurin sun tabbatar mana cewa abin da ya ce shi ne, "Ashe ɓarauniyar ce ma'ajiyata."

Daga wannan rana ya zama jagoran tafiyarmu. Shi ya bi makarantun ƙananan hukumomin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, har aka haɗu a Tiga aka rattaba hannu kan yarjejeniyar da muke aiki da ita a yau, wadda ta ba kowane malami damar kwafar darasin ɗan'uwansa, ya gyara, ya fassara, ya raba a takarda ko a waya, muddin ya ambaci mai asali kuma bai sayar ba. Rubuta yarjejeniyar awa biyu ya ɗauka, amma gardamar sunan garin da za a fara ambata a sunan Ƙungiya ta ci zama uku, har sai da marigayin ya yanke hukuncin a jera sunayen bisa yadda wakilai suka iso taro a ranar, lamarin da ya sa har gobe mutanen Doguwa ba su yafe wa tayar motarsu da ta yi faci a hanya ba.

Ba za mu ɓoye cewa sakin layin da ya halatta gyara ya ba shi wahala ba. Ranar da ya ga malaman Tiga sun mayar da buhunan masarar da ke cikin lissafinsa kwandunan kifi, na Burumburum kuma sun mayar da su shanu, ya kira taron gaggawa yana tambayar wanda ya ba su izini, sai aka nuna masa sa hannunsa. Ya sa tabarau, ya duba sosai, ya rufe taron da addu'a. Mako guda bayan haka ya kwashi yini a wani aji a Tiga, ya ga 'ya'yan masunta suna warware lissafin kifin nan kafin malaminsu ya gama rubutawa a allo, ya fito yana share ido yana cewa alli ne ya shigar masa.

A madadin Shugabar Ƙungiya, Hajiya Malama Saudatu Tasi'u Burumburum, da Kwamitin Dattawa, da ɗaukacin malamai ɗari uku da ke cikin wannan tafiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Hajiya Dije, da 'ya'yansa Zayyad, Nafisa da Ramla, da jikokinsa, da al'ummar Yako baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa ilimin da ya bari ya zame masa sadaka mai gudana, Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

A ƙarshe muna roƙon afuwar jama'a kan duk kuskuren da suka gani a nan. Tun kafuwar Ƙungiya ba mu taɓa fitar da takarda ba sai ta biya ta Yako ta dawo jajawur da jan bironsa. Wannan ce ta farko. Mun karanta ta sau biyar, mun rasa wanda za mu kai wa.

Malam Mujitaba Sunusi Ba'awa
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya