Kiran Waya Ɗaya Nake Roƙo

Zuwa ga maigidana, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Dogo ne, yaronka mai zanen gine-gine, wanda ka koya wa riƙe fensir. Na kira layinka har na gaji, kullum a kashe, shi ya sa na rubuto.

Ranka ya daɗe, kamfanin da na koma bayan ka yi ritaya ya rushe tun bara, kuma har yau ina zaune. Ba kwanciya na yi ba. An ce min yanzu sai da sanayya ake samun aiki, to na bi sanayyar. Ba taron ƙungiyar masu sana'armu da ban je ba. In goge takalmi, in tsaya da kofin shayi a hannu ina yi wa sa'o'in ƙannena dariyar da ba ta kai ciki ba. Kowa ya karɓi katina ya ce, "Za mu yi magana, Oga." Wani ma a gabana ya sakace haƙori da katin.

Makon jiya yayan matata ya zo da mota ya kwashe ta da yara, wai su ɗan zauna a wurinsa kafin abubuwa su daidaita. Ban iya hana shi ba. Ni na ɗora masa jakunkunan.

Ka tuna Ɗan Gayu, wanda muka yi aiki tare a ofishinka, mai share tebur da hankici kafin ya ɗora gwiwar hannu? Yanzu kamfani gare shi, kuma ya samu babbar kwangila. Na tura masa saƙo, ya gani bai amsa ba. Kai ba zai ƙi jin maganarka ba. Kiran waya ɗaya nake roƙo.

Allah ya ƙara girma.
Yaronka, Dogo

*

Yaya Dogo,

Wa alaikumus salam. Auta ce, 'yar Injiniya, wadda kake saya wa alewa idan na biyo Baba ofis. Muna gaishe ka.

Ashe ba ka da labari. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, a keken guragu yake. Magana da ƙyar take fita, shi ya sa muka kashe wayar. Na karanta masa wasiƙarka, ya sa na maimaita. Daga nan ya hana ni sakat sai da na kunna wayar muka bi abokansa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rasu, wani shi ma yana kwance, wani ya ce bai gane mai magana ba. Ɗan Gayun naku kuwa sakatariyarsa ce ke ɗauka, kullum yana mitin.

Yanzu Baba ya kafe sai an kai shi ofishin da kansa. Likita ya hana shi wahala, ko tsakar gida ba ma barinsa ya daɗe. Ni ba ya jin maganata. Don Allah ka rubuto ka ce ka samu wata hanyar, ko da ba ka samu ba.

Ka huta lafiya.
Auta

*

Ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki, ina yi wa Baba sannu da jiki. Allah ya ba shi lafiya. Wallahi ban sani ba, da na karanta sai da na zauna a ƙasa.

Na ɗauki biro in rubuta abin da kika ce, hannuna ya ƙi. Jiya na je ganin yara, ƙaramar ta ɓuya a bayan kawunta tana leƙena kamar baƙo. Auta, na ƙwanƙwasa ko'ina, Baba kaɗai ya rage min. Na san abin da ya kamata mutumin kirki ya ce miki, amma ba zan ce kada ya je ba. Ki zage ni, na cancanta. In kun sa rana zan zo in tura keken.

Yayanki, Dogo

*

Yaya Dogo,

Gaisuwa. Baba ya ce kada a gaya maka ranar, ba ya son ka tsaya ana roƙo a kanka. Shekaranjiya muka je.

Ya sa na ɗauko masa kwat ɗinsa ta aiki, duk ta yi masa yawa. Da muka isa lif, na'urar hawa bene, ya lalace, masu gadi suka ɗaga shi da keken har sama, yana ta gumi. Sakatariya ta ce mu jira. Muka jira tun hantsi har rana ta karkata, ma'aikata na wucewa suna kauce wa ƙafarsa.

Da Ɗan Gayu ya fito ya gan shi, gaskiya ya durƙusa har ƙasa. Ya ce, "Oga! Kai ne aka bari a nan? Me ya same ka haka?" Baba ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, sai miyau. Na yi niyyar yin bayani, Baba ya buge min hannu. Ɗan Gayu ya ɗauka taimakon magani muka zo nema, ya shiga ciki ya fito da kuɗi a ambulan ya sa wa Baba a cinya, a gaban kowa.

Yaya Dogo, ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ya ture ambulan ɗin da hannunsa mai lafiya, ya cafke wuyan rigar mutumin, ya tattaro duk ƙarfinsa ya ce, "Dogo. Aiki."

Ɗan Gayu ya gyara wuyan rigarsa. Can ya ce, "Oga, masu zane sun cika, kuma yara ne 'yan kwamfuta. Amma ya zo ranar Litinin."

A mota jikin Baba ya rikice. Daga gadon asibiti nake rubuto maka.

Auta

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ya mai jiki? Na zo asibiti har ƙofar ɗakin, na hango ki, na kasa shiga.

Na je ranar Litinin. Ba zane ba ne. Ɗakin buga takardu suka ba ni a ƙasan bene, in buga zanen da wasu suka yi, in naɗe, in kai musu tebur. Gwaji ne tukuna. Na karɓa da hannu biyu, har na yi godiya fiye da kima. Ki gaya wa Baba yaronsa ya samu aiki. Ki roƙar min gafararsa, da taki.

Dogo

*

Yaya Dogo,

Sallama. An sallamo mu. Tun ranar nan Baba bai sake cewa komai ba, likita ya ce sai dai a jira. Na karanta masa wasiƙarka duka, ban rage ko kalma ba. Ya matse min hannu.

Ni dai ban huce ba tukuna. Amma ka zo ranar hutu, duk wanda ya taɓa ƙofa sai Baba ya juyo.

Auta